Yaron Tasha

"Ya fara sambatu," in ji matar Malam Hashimu ta saman katanga. "Tsofaffin maganganun aikinsa yake ta tonowa."

Tahira ta saki taɓarya, ta ja mayafi, ta bi gefen gonar gero ta faɗa gidan maƙwabcin nata.

Walfiya ake ce masa, yara ma ba su san sunansa na yanka ba. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana aikin jin daɗin jama'a a Ɗambatta, kuma cikinsa rumbu ne na asirin gidajen mutane. Har da na Tahira. Bayan ta haifi Basiru kanta ya juye, ta ajiye jaririn a tashar mota ranar kasuwa ta kama gabanta. Malam Hashimu ne ya tsince shi, ya gane zanen goyon, ya maido mata abinta, ya ce wa mijinta jinya kawai take buƙata. Har mijin ya koma ga Allah bai ji sauran ba.

Ga kuwa Basirun a bakin gado yana yi masa fifita. Shi ma aikin walfiyar ya karanta, rajistar fara aiki yake jira.

"Baba, yanzu fa sai da lasisi ake kiran mutum walfiya," yake tsokanarsa, ko ya dawo hayyacinsa. "Kai ina naka?"

"Ja'iri," in ji tsohon. "Nawa yana bayan haƙorana."

Sai idonsa ya sake juyawa. "Yaron nan na tasha... ku ɗauke shi daga rana..."

Tsoro ya kama Tahira, ta dafa ƙyaure. Ba surutun gari take gudu ba, idon ɗanta take gudu.

"Wane yaro, Baba?" Basiru ya matso. "Ba ni labarinsa in ƙaru."

Tsohon ya waiga, ya gan ta a bakin ƙofa. Ya daɗe yana kallonta, kamar mai dawowa daga nesa.

"Na wata baiwar Allah ne. Uwa ce ta gari." Ya nisa. "An rufe wannan. Abin da aka ba ka amana, ko ɗanka ba ka faɗa wa. Ka riƙe wannan kafin su ba ka takarda."

Kafin la'asar ya cika.

Da aka dawo daga maƙabarta, Basiru ya zauna a ƙasa kusa da turmi, ƙafafunsa duk jar ƙasa.

"Inna, ko yaron nan ya rayu?"

"Ya rayu," ta ce.

Ɗan fari ne, kunya ba ta taɓa barinta ta kama shi a gaban mutane ba. Yau ta ɗora hannu a kansa ta bar shi nan, yayyafi yana sauka a kan gero.