Sarkin da Ba a Faɗin Sunansa

Tun daga Tambuwal Uwais ke murɗa wa babur wuya kamar shi ya yi masa laifi. An bugo masa waya ana walaha: jikin mahaifinsa Baba Dawuda makaɗi ya tsananta, ya taho garinsu Fakku maza.

Gidansu ke riƙe da jerin sarakunan Birnin Dunkura, tsohon garin da yanzu sai kufai da guntun ganuwa. Ba a rubuce suke ba, da kiɗan kotso ake jero su. Amma a tsakiyar jerin akwai gurbi: makaɗi ya buga taken wani sarki, bakinsa a rufe. Wasu sun ce kafin gina ganuwa ya yi mulki, wasu sun ce bayanta, wasu ma sun rantse mace ce. Makaɗin kaɗai ya san sunan, kuma sai ya ji mutuwa ta zo yake raɗa wa mutum ɗaya tak.

Uwais kuwa, ɗan boko, ma'aikacin ƙaramar hukuma, shekara da shekaru yana cewa kiɗa ba aikinsa ba ne. Ko zuwa gaida tsoho sai da Sallah! Amma sunan nan? Ai gadonsa ne, shi ne babba. Tsoro ya cika shi, kada a binne sunan tare da tsohon.

Ya jefar da babur a ƙofar gida, ko makulli bai zare ba. Ya sami Baba kwance yana numfashi sama-sama, Rumasa'u, ƙanwar Uwais, na yi masa fifita. Ita ke jinyarsa tun da ƙafa ta daina ɗaukarsa.

Ya durƙusa ya kai kunne bakin tsohon. "Baba, ni ne. Na iso. Faɗa mini."

Yatsun tsohon ne kawai ke motsi a kan ƙirji.

Rumasa'u ta ce, "Yaya, bakinai ya rufe tun ɗazu. Kafin nan ya yi ta kiran sunanka. Da ya ga ba ka iso ba, sai ya raɗa mini."

Wani sanyi ya sauko wa Uwais. "Alhamdu lillahi! To, mi ne sunan?"

Ba ta daina fifitar ba, ba ta kuma dube shi ba.

"Ka san yadda ake yi, Yaya. Sai ranar tawa mutuwar. In kana kusa."