Makiyayi Ba Ya Wuce Kowa

Jiya da dare na yi wani mafarki, kuma har yanzu tafin hannuna bai daina jin rawar kan babur ba.

Na ga kaina a bakin wata tasha da hantsi, tare da 'yan zaurenmu na waya, Tafi Sannu. Zaure ne na masu son doguwar tafiya a kan babur. Kullum muna hira, amma yawancinmu ba mu taɓa haɗa ido ba. A mafarkin kowa ya zo da fuskar hoton da ya sa a wayarsa. Oga Lawandi, shugabanmu, kan zaki ne a wuyansa, ya ɗora hular kwano a kan geza. Wani ya zo da fuskar jaririnsa, yana tsotsar yatsa yana duba iskar taya. Wani kuma kansa farantin shinkafa da miya ne, har tururi na tashi. Ba wanda ya yi mamaki. Muka gaisa, muka tambayi iyali.

"Sagir," in ji Oga Lawandi, "yau kai ne makiyayi."

Makiyayi a wurinmu shi ne mai bin ayari daga can baya. Doka ɗaya ce a kansa: ba ya wuce kowa. Duk wanda ya tsaya, sai ya tsaya tare da shi, ko faci ne ya tsayar da shi, ko fitsari, ko kuka. Malam Tasi'u ne makiyayinmu har Allah Ya karɓi abinsa a daminar bara. Ban taɓa ganinsa ba. Muryarsa na sani, wadda yake turo mini kowace safiya: "Ƙanena, ka duba birki?" Tun rasuwarsa ba wanda ya iya cire lambarsa daga zauren.

"Oga, ni fa Damagaram na nufa," na ce. "Rumasa'u na jirana."

"Wa bai sani ba? Kai da ka cika mana zaure da baitoci har wayoyi suka yi zafi."

Mai fuskar jariri ya yi dariya har miyau ya zubo masa.

Rumasa'u ma 'yar zaure ce, mai ɗan babur roba-roba, hotonta kuma farin fure ne. Ita ma murya kawai na sani, murya mai sanyi kamar ruwan randa, wadda in ta ce "ina kwana" sai in ji kamar ni kaɗai gari ya waye wa. Ta ce za ta tsaya a ƙofar gari har rana ta faɗi. In ta faɗi ban zo ba, za ta fita daga zauren, kuma a ƙasar mafarkin nan wanda ya fita daga zaure babu sauran hanyar da ke kaiwa gidansa. Na ɗaga kai. Rana koriya ce, mai siffar batirin waya, ta riga ta ɗan ragu.

Muka kama hanya. Ruwa ya tsuge daga ƙasa zuwa sama. Kududdufai suna tashi ɗaya bayan ɗaya suna shigewa gajimare, mu kuma muka juya lemominmu ƙasa don kada ƙafafunmu su jiƙe.

A wannan ƙasa, babura ba sa shan fetur, gaisuwa suke sha. Kowane gari muka shiga, akwai ɗan zaure a bakin titi yana jiranmu. A wani gari Inna Balaraba ce, wadda ba ta taɓa hawa babur ba amma ba ta taɓa fashin yi mana addu'a ba. Fuskarta katin Barka da Juma'a ne mai ƙyalƙyali. Tana buɗe tanki, ta sunkuya ta ce, "Sannu da hanya, ya gajiya, ya mutan gida," sai ka ji tanki ya cika har baki. Da ta zo kaina ta daɗe tana gaisuwa.

"Ɗan nan," ta ce, "naka yoyo yake yi."

Sai ga mu a shinge. Akuyoyi ne ke riƙe da ofishin. Babbarsu, mai tabarau, tana zaune bayan tebur tana tauna hatimi. Ta bar kowa ya wuce, ta tsayar da ni.

"Me ka ɗauko?"

"Ba komai, ranki ya daɗe."

"Tayarka ta baya ta ce ƙarya kake."

"Muryoyin da ake turo mini ne kawai."

"Na rayayyu ko na matattu?"

"A gauraye suke."

Ta cire tabarau ta dube ni da tausayi irin na akuya. "To, Allah Ya raba lafiya. Ku ɗaga masa sanda."

Bayan shingen hanya ta miƙe fayau, ba gari ba gona. A gindin wata tsamiya na hango babur a kafe, da mutum zaune kusa da shi. Ayari suka wuce shi a hankali, kowa ya danna ham sau ɗaya ya sunkuyar da kai. Fuskarsa wannan da'irar ce mai launin toka, wadda waya ke nunawa in hoton mutum ya ɓace. Na taka birki.

"Ƙanena," ya ce, "ashe ka duba shi."

Na karanta littattafai da yawa inda mutum ke haɗuwa da mamacinsa ya yi masa dogon jawabi. Ni ban sami ko kalma ɗaya mai kyau ba. Na sauka na durƙusa.

"Yaya Tasi'u, me ya lalace?"

"Ba abin da ya lalace. Tafiyar ce ta ƙare."

"To zan jira."

"Har yaushe?"

"Har ka tashi."

Na buɗe tankinsa na zuba duk gaisuwar da na sani. Ina kwana, ina gajiya, ya ƙarin haƙuri, har da barka da sallar da bai gani ba. Tanki ya ci gaba da amsa kuwwa kamar rijiyar da ta ƙafe. Ƙarar ayari ta yi nisa, ta ɓace. Hawayena suka bi ruwan sama suka tashi, ina kallonsu suna tafiya. Rana ta koma ruwan ɗorawa, sannan ta yi ja.

Sai ham ɗin babur ɗina ya yi magana da muryar Rumasa'u, a hankali. "Sagir, ƙafata ta gaji. Ban ce ka manta da shi ba. Cewa na yi ka zo."

Ban motsa ba.

"Kai, yaron nan akwai taurin kai," in ji Malam Tasi'u. "Wa ya koya maka?"

"Kai."

Ya yi dariyar nan tasa mai tari a ƙarshe. Ya miƙe, ya karkaɗe riga, ya kama kan babur ɗinsa ya cire jak. Sai ya fara ja da shi baya, taku bayan taku, har ya wuce ni, ya kafe shi a bayan nawa.

"Ka wuce ni?" ya tambaya.

"A'a."

"To, ni ne na koma baya. Doka tana nan yadda na bar ta. Yanzu dubi gabanka. Akwai wanda ya tsaya?"

"Akwai mace a tsaye a ƙofar gari tun hantsi."

"Kai kuma kana nan kana shayar da mataccen tanki? Wane irin makiyayi ne kai? Hau!"

Na hau. Ban waiwaya ba, amma a madubi ina ganin fitilarsa a kunne, ƙarama, ba ta matsowa kuma ba ta ɓacewa.

Da na iso ƙofar Damagaram, zare ɗaya ja ya rage wa rana. Ayari sun jeru gefe biyu, sun kashe injuna. Oga Lawandi ya cire hular kwano ya riƙe a ƙirji. A tsakiya ga roba-roba, ga mace a tsaye da farin fure a wuyanta. Furen ya fara buɗewa, ganye bayan ganye. Na ga goshi. Na ga gira. Zuciyata ta yi tsit kamar masallaci bayan an idar.

"Ka makara," ta ce. "Kashe injin mana, in ji muryarka."

Na murɗa makulli, amma ƙarar ta ƙi mutuwa. Tat, tat, tat.

Na buɗe ido. Maƙwabcina Ɗan'asabe ne a ƙarƙashin tagata, yana ta buga wa tsohon babur ɗinsa kik yana tsine wa fulogi.

"Sagir! Ka tashi ka ɗan tura ni mana!"

Na fita ba takalmi, na dafa bayan babur ɗin. Kafin in tura na ce, "Tsaya tukuna. Ka duba birki?"