Keke na Uku

Ni na cike fom ɗin inshorar, ba Yaya ba. Wannan shi ne abu na farko da nake so a sani, ko da yake na makara wajen faɗarsa.

Shagon ɗinkinmu na gado ne. Babanmu ya bar mana shi da benci guda, da madubin da ya tsage ta kusurwa, da dokokin da ba sa ƙarewa. Kada a yanka takarda da almakashin yadi. Kada a yi magana da allura a baki. In an tashi aiki, kada a bar ƙafar keke, wato ɗan ƙarfen nan da yake danne yadi, ta zauna a kan haƙoran keken haka nan. Sai an sa mata ƙyalle a ƙasa sannan a sauke ta. A kan wannan dokar ta ƙarshe na sha ranƙwashi ya fi a ƙirga. Har yau ba na fita babu ƙyalle a aljihuna, matata ta gaji da tsince su a ruwan wanki.

Yaya ce babbarmu, ni ne auta, shekara goma sha huɗu ne tsakaninmu. Ita take surfani a wuyan riguna, ni nake yanka da haɗawa. Tun da mijinta ya rasu, da keken surfaninta take riƙe da 'ya'ya huɗu. Ita ce kuma ta yi wa shagon inshorar gobara da sunanta, duk shekara ta je ta biya. Ni kuwa duk shekara sai na tsokane ta.

"Yaya, lokacin ciyar da masu kwat ya yi ke nan?"

"Auta, ka ji da abin da ke gabanka. Ga wandon mutane nan, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya."

Ranar hutu ce da la'asar wayar mita ta yi tartsatsi. Kafin 'yan kwana-kwana su iso, silin ya rufto ta bayan shagon. Keken Yaya ya ƙone, tsohon kekena ya ƙone, yadikan mutane sun zama toka. Yaya ta tsaya a bakin ƙofa ta leƙa sau ɗaya, ta kasa shiga. Mata suka riƙe ta suka kai ta gida.

Abu ɗaya ne ya tsira: sabon kekena mai lantarki, wanda na saya wata huɗu kafin nan. Na kai shi gida ne don wani aikin kayan makaranta da na karɓa, yadi mai ruwan ɗorawa da ƙananan layuka. Lokacin da shago yake ci da wuta, shi yana ɗakina lafiya lau.

Washegari mai shagon fenti da ke maƙwabtaka da mu ya zo jaje. Sarkin Shawara muke ce masa, don ko ciwon kai ka ce kana yi, yana da wanda ya sani a ma'aikatar ciwon kai. Ya ja ni gefe.

"Wa zai cike muku fom?"

"Ni."

"To buɗe kunnenka. Mutanen nan in ka ce goma, biyar za su ba ka. Mai hankali ashirin yake cewa. Shekara nawa kuna zuba musu kuɗi? Ai naku ne za ku karɓa."

Ba zan ce shi ya sa ni ba. Kafin ya buɗe baki, tunanin sabon keken nan ya riga ya zo min, shi dai ya ba shi kujera ne ya zauna. Na ce a raina ai ba mutum zan cuta ba, kamfani ne, kamfani kuwa ba shi da 'ya'ya. Na ce ma ai Yaya zan taimaka, in kuɗin ya fito sai in ƙara mata. Mutum in yana son abu, ba ya rasa hujja.

A gurbin kayan da suka ƙone na rubuta keke uku. Na haɗa da rasit ɗin sabon. Sannan na kai wa Yaya ta sa hannu, tunda da sunanta inshorar take.

Ta kai takardar kusa da idonta. "Uku? Ba sabon yana gidanka ba?"

"Na mayar da shi shago ana gobe gobarar, bayan kin tashi. Yana can baya, silin ya danne shi."

"Wayyo, Auta!" Ta dafe ƙirji. "Sabon kekenka? Shi ne ka yi shiru kana ta lallashina, alhali taka asarar ta fi tawa?"

Ta kama hannuna tana ba ni haƙuri. Matar da ta rasa abin da take ciyar da 'ya'yanta da shi, ita take share min hawayen da babu su. Na ji kunya a lokacin, ba zan ɓoye ba. Amma ban ji wadda za ta sa in karɓe takardar ba. Ta sa hannu.

Saura gawar keke na uku. Na je wajen masu sayen tsoffin ƙarafa, na tona har na samo kan keke irin nawa, wanda ya mutu tuntuni. Na ɓamɓare lambarsa da sukuddireba. Na kai shi wani fili, na ɗora masa tsohuwar taya, na zuba fetur, na kunna. Da ya huce ya yi baƙi ƙirin, ni kaina sai da na yaba wa aikina. A gida kuma na tura sabon keken bayan labule na rufe shi da zanen gado. Matata ta tsaya tana kallona.

"Me keke ya yi ake ɓoye shi?"

"Ƙura," na ce.

"Ƙura," ta maimaita, ta fita. Ba ta sake tambaya ba, kuma ranar ba ta zauna cin abinci tare da ni ba.

Da sassafe, kafin masu shaguna su fito, na kai ƙonannen kan keken cikin buhu. Na ɗaga ɓaraguzan silin, na ɗora shi a kan wani teburin ƙarfe da ke baya, na gyara masa zama yadda ake yi wa kowane keke, na watsa masa toka. Na ja ƙofa na tafi ina jin kaina gwani.

A kwana na shida mai binciken inshora ya zo. Na zaci zan ga wani ƙato mai ɗaure fuska, sai ga siririn mutum da tabarau da takalmin roba, riƙe da tocila. Ya fara yi wa Yaya jaje sosai, har ya ce mahaifiyarsa ma da ɗinki ta yi masa makaranta. Yaya ta daure ta shiga shagon a karon farko, tana toshe hanci da gefen mayafi.

Ya ɗauki hoton kekenta. Ya ɗauki na tsohon nawa. Ya tambayi yadikan mutane, ta lissafa masa ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ta ce kada ya rubuta don mai shi ta riga ta karɓa. Yana rubutu yana gyaɗa kai.

"Hajiya, keke na ukun fa? Kin gan shi a shagon kafin gobarar?"

"Ban gan shi da idona ba, yallaɓai. Amma ƙanina ya faɗa min." Ta juyo ta dube ni. "Ni na goye shi a bayana. Ba ya yi min ƙarya."

Ya wuce baya ya tsuguna gaban keken. Ya haska nan, ya haska can. Ya daɗe a wurin.

"Malam tela, zo ka taya ni gani."

Na je. Ya saita tocilar a kan ƙafar keken.

Ƙafar a sauke take. A ƙarƙashinta kuwa ga ƙyalle, mai ruwan ɗorawa da ƙananan layuka, tas da shi, ko baƙin hayaƙi babu a gefensa. A duk shagon nan shi kaɗai ne abin da yake da launi.

Wallahi ban san lokacin da na sa shi ba. Na ajiye keke, hannuna ya shiga aljihu, ya zaro ƙyalle, ya sa, ya sauke ƙafa, kamar yadda yake yi kullum shekara talatin. Ni ina can ina lissafin toka, hannuna yana bin dokar Baba.

"Wutar da ta cinye lambar ƙarfe," in ji mai binciken a hankali, "ita ce ta tsallake wannan?"

Yaya ta matso. Ta dubi ƙyallen. Ta koma ta dubi kekenta da tsohon nawa, inda ƙyallayensu suka ƙone suka manne da ƙarfe. Ta sake dawowa ta dubi mai ruwan ɗorawan. Ta san yadin, ita ta taya ni zaɓensa. Ba ta dube ni ba, kuma wannan ya fi min mari zafi.

"Yallaɓai," na ce, "a cire na ukun. Kuskure ne. A biya biyun kawai, su gaskiya ne."

Ya cire tabarau ya goge da gefen riga. "Na san gaskiya ne. Shi ya sa abin ya dame ni. Da jiya ka kira ka ce a gyara, da an gyara. Yanzu na gani, ba zan iya cewa ban gani ba." Ya buɗe takardar inshorar ya nuna wani layi. "A nan an rubuta, in aka sa ƙarya da gangan ko a abu ɗaya ne, duka neman ya faɗi. Kuma sa hannun Hajiya ne a ƙasa."

"Ba ta sani ba! Ni ne!"

"Sai ka zo ofis ka rubuta hakan."

Ya ɗauki hoto, ya yi mana sallama. Da ya fita, Yaya ta sunkuya, ta ɗaga ƙafar keken, ta zare ƙyallen, ta wuce ni kamar babu kowa a wurin.

Na je ofis na rubuta. Na zauna gaban wata yarinya da ba ta kai 'yar Yaya ta fari ba, na bayyana mata yadda na sayi mataccen keke na ƙona shi da taya. Tana bugawa a na'ura tana tambayata, "Taya guda nawa?" Na so ƙasa ta tsage in shige. Takardar da na rubuta ta hana a kai Yaya wajen 'yan sanda, iyakar abin da ta yi ke nan. Bayan sati uku wasiƙa ta zo: ba za a biya komai ba, an kuma soke inshorar. Shekara tara Yaya tana biya ina mata dariya, ranar da abin zai yi mata rana, ni na tsaya a gabansa.

Sarkin Shawara da ya ji, cewa ya yi, "Ai kai ma ka cika gaggawa, da ka tambaye ni yadda ake yi." Ban ma iya yi masa faɗa ba. Da wane baki?

Na ɗauki hayar mota na kai wa Yaya sabon keken har gida. Na ce nata ne. Ta ce a ajiye a falo. Amma keken ɗinki ne, ba ya surfani. Masu kawo mata aikin wuya suka yi ta zuwa suna komawa, har suka daina zuwa. Matar da ake bin layi don zanen hannunta, ta koma kalmasa bakin wandunan 'yan makaranta, ni ina yankawa a tabarma ina miƙa mata. 'Yarta ta biyu da za ta shiga makarantar koyon jinya a shekarar, aka ce ta jira baɗi.

Ba ta taɓa yi min faɗa ba. Na so ta yi. Na so ta zage ni tas, ta tara dangi ta tona min asiri, ko na samu in yi kuka in huta. Sai dai "Miƙo almakashi", "Zaren ya ƙare". Auta ma ta daina cewa.

Wata rana da yamma muka gama aiki. Na ga ta buɗe 'yar jakarta ta zaro ƙyallen nan mai ruwan ɗorawa. Ashe tana ajiye da shi. Ta shimfiɗa shi a kan haƙoran keken, ta sauke ƙafa a kai.

"Yaya," na ce, "don Allah ki ce wani abu."

Ta daɗe tana shafa ƙyallen da yatsa.

"Ba keken ba ne yake hana ni barci," ta ce. "Ranar da ka kawo takardar, na kama hannunka ina ba ka haƙuri. Ka bar ni na gama."

Na sunkuyar da kai.

"Hannun dai ya riƙe abin da Baba ya koya masa," ta ce. "Shi kaɗai ne bai yi min ƙarya ba."

Ta kashe keken ta rufe shi da zane.

"Gobe ka zo da wuri. Wando arba'in ne suka rage."