Ranar Guduma

Kafinta bai yi karatu mai zurfi ba, amma ya iya zama. Shekara ashirin ke nan, kullum kafin ya taɓa zarto sai ya zauna kan benci, ya rufe ido, ya bi numfashinsa har zuciya ta lafa. Wani tsoho ne ya koya masa, lokacin da zafin rai ya kusa raba shi da matarsa.

Ƙanen matar, malamin makaranta mai ji da kai, ya zo koyon zaman a wurin Kafinta. Wata biyu ya yi yana rubuce-rubuce, sai aka neme shi aka rasa. Bayan shekara, sai ga littafi a kan zaman, da sunansa. A shafin farko ya ce wannan ya wadatar, ba sai mutum ya durƙusa gaban wani mai fere katako ba.

Kafinta ya karanta layin sau uku. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ya rantse sai ya rama.

Akwai abin da Malam bai jira ya gani ba. A wata na uku, idan ɗalibi ya yi nisa cikin zama, tsohon nan yakan saki guduma a bayansa. Idan ya zabura, rai a ɓace, sai tsohon ya dafa kafaɗarsa har ya sake kama numfashin. Haka Kafinta ma yake koyarwa.

Ranar Asabar da hantsi Malam ya tara mutum talatin a ajinsa, kan bencinan da Kafinta ya haɗa da hannunsa. Kowa ya rufe ido, littafi a cinya. Kafinta ya lallaɓa ya tsaya bayan surukinsa, ya ba shi lokaci ya yi nisa, sannan ya saki guduma kan siminti.

Malam ya yi tsalle, kujera ta kife.

"Wane ɗan iska ne wannan!" ya daka tsawa, ya wurga littafin ya sami wata dattijuwa a goshi. Sai ya juya. "Yaya?"

"Ni ne, ƙanena. A shafi na nawa ka rubuta a yi jifa?"

Aji ya fashe da dariya. Malam na tsaye, kafaɗarsa dab da hannun Kafinta. Kafinta ya dubi kafaɗar, ya sunkuya ya ɗauki gudumarsa, ya fita. Wallahi daɗi ya ji, har cikin ƙashinsa.

Washegari ya zauna kan benci kamar kullum. Numfashi ɗaya, biyu, sai fuskar Malam ta faɗo masa, ya ji yana murmushi. Ya sake farawa. Ya sake. Bai taɓa wuce uku ba.

Matarsa ta leƙo shagon. "To maigida, ka zubar masa da mutunci. Ka huce?"

Ya tashi haka nan ya ɗauki zarto, katakon farko da ya yanka ya fito a karkace.