Agogon Aro da Gaisuwar Suruki

Agogon ya ƙi zama a kan keken. Da an ɗaura shi sai ya sulale ya juya fuska ƙasa. Kamaluddeen ya tsinci wani tsohon silifas a bakin kwata, ya yanko gefensa da reza, ya naɗe ƙarfen kan keken da shi, ya bi da robar tsohon tif na taya, sannan ya sake ɗaura agogon. Wannan karon ya zauna daram.

"To ga shi nan," in ji shi. "Ba sai ka riƙa ɗaga hannu kana tafiya ba. Ido kawai za ka sauke, ka ga gudunka, ka ga abin da ya rage maka."

Lirwanu ya sunkuya yana kallon lambobin. Sana'arsa kai ƙanƙara ƙauyukan da ke kewaye da Gummi, a keke, kafin rana ta narkar da ita. Nan ya samo ƙarfin ƙafafunsa. Da labari ya zo cewa wani koci mai suna Zayyad yana neman mahaya keke da za su wakilci jiha, duk unguwa sai aka ce ai Lirwanu ake nema. Amma kocin ya ƙi tara mutane a Gusau saboda halin hanya. Ya ce kowa ya yi kilomita ashirin a garinsu cikin ƙasa da minti arba'in, agogo ya ɗauka, ba tare da an tsayar da lissafi ba, a tura masa kafin la'asar ɗin Alhamis.

Yau ce Alhamis ɗin. Kuma a duk wanda Lirwanu ya sani, Kamaluddeen kaɗai ke da irin wannan agogo. Bazazzagi ne, yana aikin niƙan dutsen zinariya a wajen Sunke ta ƙasar Anka, sai daren jiya ya samu fitowa, da yamma kuma zai koma Anka.

Kamaluddeen ya danna maɓalli, hoton mai gudu ya wuce, na mai iyo ya wuce, ya tsaya a kan na mai keke. Ya haɗa agogon da wayar Lirwanu.

"Yana tambaya, in ka faɗi wa zai sanar?"

"In na hwaɗi? Shi agogon ka sanarwa?"

"Shi. In ya ji an buga da ƙasa, sai ya yi ta ƙara. In ba a kashe shi ba, ya tura saƙo da wurin da kake."

"Allah shi kyauta. Sa lambar Sahura."

Sahura, matarsa, tana leƙe daga zaure da zani a kai. Ta dubi gajeren wandon da ya matse cinyoyinsa ta ce, "Haka za ka hita cikin mutane? Kamar an hwere rogo?"

"Haka 'yan tsere ka yi."

"To Allah shi sa kar ka gamu da mai mutunci."

Ya saka wayar a aljihun baya, ya hau. A bakin kwalbatin ƙarshen gari, inda kwalta ta miƙe gabas, Kamaluddeen ya danna masa agogon ya ce, "Tafi!"

Lirwanu ya tafi. Ba akwatin ƙanƙara a baya, keken sai ya zama kamar ba shi ba. Ya wuce masu kai albasa kasuwa, ya wuce wata mota da ta tsaya ana zuba mata ruwa. Lambar da ke sama tana hawa in ya taka, tana sauka in ya sassauta, sai ya daina sassautawa. Da agogon ya nuna rabin tafiya ya juya a tsakiyar titi, iska ta koma bayansa. Ya duba, yana da rarar lokaci mai yawa.

Har ya fara hango hasumiyar masallacin Gummi sai ya ga shanu sun cika titi. Farare ne, masu dogayen ƙaho, suna tsallakawa a hankali zuwa fadama. Ya hango rata tsakanin wata saniya da ɗan maraƙinta, ya nufi wurin. Sai idonsa ya kai kan mai shanun: dogon dattijo da malafa, sanda a gicciye a kafaɗa.

Bappa Giɗaɗo ne, mahaifin Sahura. Tun da ya taso da rugarsa daga ƙasar Bukkuyum, ba a san inda zai ɓulla da garkensa ba kullum.

Lirwanu bai yi shawara ba, jikinsa ne ya yi. Ya damƙe birki, ya yi tsalle ya dire, ya saki keken ya faɗi can gefen kwalta. Ya tuɓe takalma, ya tsuguna nesa kaɗan, yana jan riga ƙasa don ta rufe gwiwoyinsa. Rigar ba ta kai ba.

"Baba, an kwana lahiya?"

Dattijon ya kau da kai gefe, kamar yadda shi ma ya kamata ya yi. "Jam. Lahiya lau, Malam."

"Ina gajiya?"

"Babu gajiya."

"Ina gida? Ina Inna?"

Daga inda keken yake kwance, agogon ya fara ƙara, tit, tit, tit, yana kaɗa ƙarfe. Wata saniya ta tsaya tana kallonsa. Lirwanu ya ji, ya kuma san abin da ake nufi. Amma ba a miƙewa a gaban suruki a tsakiyar gaisuwa, balle a juya masa baya a je ana latse-latse.

"Ina bisashe?"

"Sun gode Allah. Ya ciniki?"

"Alhamdu lillahi."

"Ya mutanen gidan?"

Ƙarar ta ƙaru, ta yi tsawo, sannan ta yanke. Wayar da ke aljihunsa ta motsa sau ɗaya.

Bappa Giɗaɗo ba mai gaggawa ba ne. Ya tambayi lafiyar mahaifiyar Lirwanu, ya tambayi ƙafar kawunsa da ta kumbura bara. Ya yi maganar ruwan da aka yi a Yargalma wanda bai iso nan ba, da tsadar dusa, da wani bijimi da ya ƙi cin abinci tun Talata. Lirwanu yana "Haka ne, Baba", gumi yana ɗiga daga haɓarsa zuwa kwalta.

Ana cikin maganar bijimin aka ji babura. Uku ne, a guje. Na gaba Kamaluddeen, na biyu ɗan acaɓa ɗauke da Sahura tana riƙe da mayafi da hannu ɗaya da waya a ɗayan, na uku wasu maƙwabta biyu, ɗaya da gora, ɗaya da kwalbar man zafi.

Suka ci birki. Suka ga keke a kwance, tayar baya ta daina juyawa. Suka ga takalma a ajiye. Suka ga Lirwanu a tsugune lafiyarsa ƙalau.

Mai gorar ya fara dariya har sai da ya dafa babur. "Wanga shi ne haɗarin? Mu munka ce ko ɗauke ka anka yi!"

"Ai haɗari ne," in ji mai man zafi. "Ka dubi wandon."

Kamaluddeen bai yi dariya ba. Ya gaida dattijon a tsaitsaye, ya ɗaga keken ya duba agogon, ya yi tsaki. "Lokaci ya wuce tun ɗazu. Haba Lirwanu! Saura ƙiris fa. Ba sai ka ɗaga masa hannu ka wuce ba?"

Lirwanu ya sunkuyar da kai. Maƙwabtan ma sai da suka dube shi kamar ya yi ashar a masallaci.

Sahura ta durƙusa gefen mahaifinta. Ta yi masa magana da Fulatanci, a hankali, tana nuna keken, tana nuna agogon, tana nuna gabas inda Gusau take. Dattijon ya saurara yana kallon shanunsa. Can ya gyara malafa, ya ce da Hausa, ba tare da ya dubi kowa ba:

"Ni kam yau idona ciwo shi kai. Ko titi ban gani sosai."

Ya daka wa shanun tsawa, ya bi su zuwa fadama.

Suka koma gari. Lirwanu ya zauna a zaure ya sha fura, Sahura tana yi masa fifita da murfin kwano. Rana ta take, kwalta ta fara ƙyalli.

"Za ka iya sakewa?" in ji Kamaluddeen.

"Ƙahwa na iyawa. Amma Baba na nan bakin hanya. Shanu ba su barin hwadama sai la'asar. In nig gane shi, sauka zan yi. Sau biyu ma, tahiya da dawowa."

"To ka bi wata hanya."

"Wace? Ta yamma duk rami ce."

Sahura ta ajiye murfin. "Kai dai hau kekenka."

"Ke kin san ba ni iya wuce shi."

"Na ce ka hau. Ba ka ji abin da yac ce ba?"

Kamaluddeen ya ce zai kashe abin sanar da faɗuwar, Sahura ta ce a bar shi, a wannan zafin rana ko raƙumi yana iya faɗuwa. Ya sake ɗaure robar, ya goge fuskar agogon da bakin riga. Bayan azahar suka koma bakin kwalbati.

Zagaye na biyu ba irin na farko ba ne. Iskar ta mutu, zafi yana tasowa daga ƙasa, lambar gudun ta ƙi hawa inda ta hau da safe. Lirwanu ya kwantar da ƙirji a kan keken yana takawa. Da ya doshi fadama ya ji yatsunsa sun koma kan birki da kansu.

Titi fayau. An kora shanun can ciki, nesa da kwalta. A gindin wata tsamiya Bappa Giɗaɗo yana zaune, ya ba titi baya, ya sauke malafa har wuya, yana kallon wani kurmi da babu komai a cikinsa.

Lirwanu ya ɗauke yatsunsa daga birki. Ya sunkuyar da kai ya wuce, bai ko yi numfashi da ƙarfi ba.

A dawowa dattijon yana nan yadda yake. Sai dai wata karsana ta kufce ta nufo titi, shi kuwa bai juya ba, tsakuwa kawai ya jefa ta bayan kafaɗa, ta sauka gabanta, ta koma.

Daga nan Lirwanu bai ƙara ganin komai ba sai lambobi. Cinyarsa ta hagu ta fara ɗaurewa. Ya miƙe tsaye a kan feda, keken yana rangaji, sarƙa tana kuka. Ya ga hasumiya, ya ga kwalbati, ya ga Kamaluddeen yana tsalle a tsakiyar titi yana ihu, "Danna! Danna na sama!"

Ya danna. Ya sauka a hankali, ya jingina keken da bangon kwalbatin da hannu biyu, sannan ya zube a ƙasa.

Kamaluddeen ya zare wayar daga aljihunsa, ya yi ta ɗaga ta sama yana neman sabis, har saƙon ya tafi. Suka jira. Ladan ya fara gyaran murya a lasifika sai wayar ta yi ƙara. Saƙon murya ne, Zayyad yana magana cikin hayaniyar motoci.

"Lirwanu na Gummi ko? Na gani. Da kyar ka shiga, kai ne na ƙarshe. Ka zo Gusau ran Asabar da kekenka."

Mai gorar nan, wanda ya biyo su kallo, ya ce, "Na ƙarshe ma ai mutum ne."

Lirwanu yana kwance yana kallon sama. Ya ce a ba shi ruwa. Sahura ta miƙa masa buta, ta tsaya a kansa har ya shanye.

"Tashi ka yi wanka ka sa babbar riga," ta ce. "Ka wuce Bappa sau biyu ba gaisuwa. Ka tahi ruga kahin magariba."