Ƙararrawar Baba Wutsiya

"Ina kika kai min famfon?" Baba Wutsiya ya tambaya. Yana tsaye a ƙofar gida riƙe da kekensa, tayar baya ta sace gaba ɗaya.

"Na ɓoye," in ji 'yarsa. Dawowarta ke nan daga aikin asibiti, ko farin kayanta ba ta cire ba. "Baba, likita ya ce ko matakala kada ka hau da sauri. Zuciyar nan taka ta gaji."

"Matakala ya ce. Kin ji ya ambaci keke?"

Ni ina sharar gaban shagon askina, bango ɗaya ne tsakaninmu. Ta juyo wajena. "Kawu, don Allah ka sa baki."

Na sa baki, amma ko kallona bai yi ba. Ya shiga ɗaki, ya fito da wani famfon daga ƙarƙashin gado, yana murmushi kamar wanda ya ci caca. Yarinya ta ja tsaki, ta shige ciki da hawaye a idonta.

Shi ya kafa hawan keken Asabar a unguwarmu, tun bayan da wata tanka ta murƙushe mai rarraba mana burodi a bakin babban titi. Abin da yake nema bai taka kara ya karya ba: a ja farin layi a gefen titin, a bar wa masu keke faɗin kamu biyu. Ya yi ta sintiri a ofishin hanyoyi har masu gadi suka gane tarinsa tun daga nesa. Ni dai ban taɓa yarda za a ba shi ba, kuma na sha faɗa masa yana kan kujerar aski. Na shiga hawan ne saboda tumbina ya fara hana ni ganin takalmina.

Sunan Wutsiya ya samo shi ne daga wurin da ya zaɓar wa kansa. Kullum shi ne na ƙarshe a layi, da jakar faci a bayan sirdi. Wanda tayarsa ta fashe, wanda sarƙarsa ta zame, wanda numfashi ya ƙare masa, duk shi zai tsaya musu. Kuma ya kafa mana doka: in an isa, ba mai sauka daga kan keke sai an ji ƙararrawarsa sau biyu daga baya. Wannan ne shaidar ba a bar kowa a hanya ba. Muka saba da hakan har muka manta da waiwaye.

Wannan Asabar ɗin ta fi sauran. Shugaban ofishin ya yi masa alkawarin zai fito bakin ƙofa ya gan mu da idonsa.

"In ya ga yawanmu zai yarda akwai mu," in ji Baba, yana buga iska yana haki. "Yau ko gurgu ya fito, ina so."

An kuwa fito. Malamar makaranta da ɗalibanta manya, mai walda, masu kai kaya kasuwa, har da mai kanti da ya ari keken surukinsa. Muka jeru a gefen titi muna kauce wa ramuka. Manyan motoci suna wuce mu har iskarsu na kaɗa mana riguna. Wani direba ya leƙo ya ce, "Ku sauka daga titi, ubanku ne ya shimfiɗa?" Ba wanda ya tanka, don Baba ya hana mu rama zagi.

Muka isa ofishin muka tarar da ƙofa a garƙame. Mai gadi ya fito yana sakace.

"Shugaba? Wa kuka ga yana aiki ran Asabar?"

"Shi ya ce mu zo," in ji malamar.

"To ya faɗa. Ba ya ma gari."

Raina ya ɓaci, amma ban yi mamaki ba. Muka tsaya yadda muka saba, kowa ƙafa ɗaya a ƙasa, ɗaya a kan feda, muna jiran ƙararrawa. Rana ta fara zafi.

"Tsohon nan ya daɗe fa," wani ya ce.

"Yana can yana yi wa wani faci," in ji mai walda, "yana kuma yi masa wa'azi a kan birki. Wa'azin ne mai tsawo."

Muka yi dariya, har da ni. Muka ci gaba da hira, ana zagin shugaba, ana tsokanar mai kanti da keken aro. Sai can malamar ta bi fuskokinmu da kallo, ta sake bi.

"Duk wanda muka taso da shi yana nan," ta ce a hankali. "To wa yake yi wa facin?"

Muka juya da kekuna. Muka same shi bayan wata gada da muka wuce, zaune a ƙasa, ya jingina da turken fitila. Ya kafe keken a kan ƙafarsa tsaf, ya kauda shi daga hanya. Wata mai sayar da lemo tana yi masa fifita da kwali.

"Na ce bari in yi muku ihu," ta ce. "Ya ce a'a, kada layin ya tsinke, ana jiranku. Wai in ya huta zai biyo."

Na durƙusa kusa da shi. Leɓɓansa sun yi toka-toka. Ya buɗe ido da ƙyar.

"Shugaban ya fito?"

Mai walda ya buɗe baki zai yi masa ƙarya, amma Baba fuskata yake kallo. Shekara da shekaru yana ganinta a madubi, ya san ta.

"To," ya ce. "Wata Asabar ɗin."

A cikin tasi ya cika, kansa a kan cinyata, muna maƙale a cunkoson motoci a titin nan dai. Direba ya yi ta danna oda, ba wanda ya matsa.

'Yarsa ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ta tsaya a barandar asibiti ta dube mu, dukanmu da gumi da ƙurar hanya.

"Kawu, duk yawanku, ba wanda ya waiwaya?"

Waiwaye aikinsa ne, kuma shi ba shi da na baya.

Da damina ta wuce aka sabunta titin. An ja farin layin kuwa, a daidai inda ya nema, sai dai an yanka shi gida-gida don ajiye motoci. Masu hawa suka yi ta raguwa. Malamar ta koma shiga bas, mai kanti ya mayar da keken surukinsa.

Asabar ɗin da ta wuce mu kaɗan ne muka fita, ba mu ko cika faɗin inuwar bishiya ɗaya ba. Muka kai ƙarshen titi muka tsaya. Motoci na ta wucewa. Na duba gefena na ga mai walda, ƙafa ɗaya a ƙasa, ɗaya a kan feda, ya ɗan karkata kunne baya. Ni ma ban sauka ba.