Hannun Hagun Auta

Auta tela ne, kuma duk da furfurar da ta fara leƙo masa a gemu, har yau Auta ake ce masa a gida. Shekara da shekaru abin hawansa wani ɗan ƙaramin babur ne marar giya, irin wanda ake murɗa totur kawai a kama hanya. Inna ta raɗa wa babur ɗin suna Akuya saboda kukansa. Akuya ba ta taɓa ba shi kunya ba, sai da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Baba.

Ciwon ya tafi da hannun hagu da ƙafar hagu, ya kuma ɗaure harshe. Mutumin da a da in ya yi gyaran murya a ƙofar gida kowa ke shiga taitayinsa, ya koma sai "e" da "a'a" da wani gurnani da Inna kaɗai ke fassarawa, ita ma rabi cinta take yi. Likita ya ce in ana kai shi gashin ƙashi a kai a kai akwai fata, in kuwa aka yi sake jijiyoyin suka sandare, shi ke nan. Asibitin gashin yana can bisa tudu. Lungun gidansu mota ba ta shiga, kuma Akuya da aka gwada ta da mutum biyu, a tsakiyar hawan ta yi tari ta mutu. Dole Auta ya rabu da ita ya sayi babban babur na hannu, baƙi, mai tanki kamar cikin saniya.

Bakaniken da ya haɗa cinikin ya yi masa karatu a bakin gareji. "Ka ga wannan na hagu? Ba birki ba ne yanzu, kuloci ne, in ka matsa shi ka raba inji da taya. Birkin baya yana ƙarƙashin ƙafarka ta dama. Na gaba yana hannun dama, amma ka bi shi a hankali, yana da cizo. Ka damƙe shi da ƙarfi, sai dai a tsinto ka a gaba."

Auta ya ce ya gane, kuma da gaske kansa ya gane. Hannunsa ne bai halarci karatun ba. A kan Akuya maƙallin hagu shi ne birkin baya, kuma tun wata faɗuwa da ya taɓa yi a kan yashi ya daina taɓa na dama gaba ɗaya. Duk abin da ya gifta masa, kaza ko mota, hannun hagu ne ke amsawa kafin ma ido ya gama gani.

Ya yi ta koyo a filin bayan gida da yamma in ya rufe shago. Akan fito da Baba a kujera ya sha iska, sai ya zama ɗan kallo. Baba kuwa ba baƙon babur ba ne. Rabin rayuwarsa a kan irin wannan ya yi ta, yana kai wa wani kamfani saƙo gari zuwa gari, kuma duk yayyen Auta shi ya koya musu. Da aka zo kan Auta sai ya dubi siraran yatsunsa ya ce, "Wannan hannun na allura ne, a bar shi." Dariya aka yi a lokacin. Auta ma ya yi, amma maganar ta zauna masa a rai har ya girma da ita.

Yanzu duk zagayen da ya yi, sai Baba ya buga sandarsa a ƙasa ya yi gurnani, yana nuna wani abu da haɓa. Auta ba ya fahimta, kuma gaskiya ba ya son ya fahimta. Sai ya ce, "To, Baba," ya ƙara wuta.

Ranar da za su fara zuwa, Inna ta fito da wani tsohon zaninta mai ƙarfi. Aka ɗora Baba a baya, aka sa masa hular kwano, aka ɗora matacciyar ƙafar a kan matakinta. Inna ta zagaya zanin ta bayan Baba ta ɗaure shi a ƙirjin Auta, ta ja ƙullin har sai da numfashinsa ya ɗauke.

"Saurara, Auta," ta ce. "Ni ban yarda da wannan bijimin ba. Ranar da ka kayar min da shi, ko ka kusa, an gama. Gara ya zauna a gabana da hannu ɗaya da a kawo min shi a kwance."

"Ba abin da zai faru, Inna."

"Ban tambaye ka ba. Shi zan tambaya in kun dawo."

Hawan bai ba shi wahala ba. Bijimin ya haye tudun kamar ba a ɗora masa komai ba, har Auta ya ji wani ɗan alfahari yana taso masa. A asibiti aka murza Baba, aka miƙe yatsun ɗaya bayan ɗaya, ma'aikaciyar ta ce akwai rai a cikinsu, kada dai a fasa zuwa. Wani mai gadi ya taya su ɗaure zanin, suka juyo.

Gangaren dogo ne, a miƙe, da kwata mai zurfi a gefe ɗaya da katangar makaranta a ɗayan. Daga sama ana hango mahaɗar da ke ƙasa. Auta ya shigo shi da babbar giya, iska tana kaɗa masa riga, nauyin Baba ya kwanto masa a baya. Babur ya fara ɗaukar gudu da kansa. Auta bai damu ba tukuna.

Sai wata tankar mai ta fito daga gefen dama a can ƙasa, ta fara karya kwana a hankali, ta cika mahaɗar daga wannan baki zuwa wancan. Ta tsaya cak, don wata mota ta tare mata gaba.

Hannun hagu ya amsa. Ya damƙe maƙallin har ya manne da kan babur.

Ƙarar injin ta faɗi. Abin da ya fara ba shi tsoro ke nan, wannan shirun. Babur ya saki jiki ya zuro kamar an tsinke masa igiya, don ɗan riƙon da injin ke yi masa ma yanzu an cire. Auta ya ƙara matsawa. Yatsunsa suka yi fari, yana matsa abin da ya riga ya kai ƙarshe, yana jiran birkin da ba ya nan. Katangar makarantar ta koma zane ɗaya a gefen idonsa. Ya san akwai abin da ya kamata ƙafarsa ta yi, amma ƙafar ta zama ta wani. Hannun dama kuwa yana kan totur a sandare, maganar bakanike tana yi masa amo, sai dai a tsinto ka a gaba. Ba shi kaɗai za a tsinta ba. Zanin Inna ya haɗa su, inda ya faɗi nan tsohon zai faɗi, kuma ba shi da hannun da zai tare ƙasa da shi.

Rubutun jikin tankar ya fara karantuwa.

Hular Baba ta bugi tasa ta baya. Sai murya a kunnensa, a kakkarye, amma kalma ce sosai, irin wadda ba a ji daga bakin nan ba tun ranar da ciwon ya zo.

"Saki."

Auta bai saki ba. Ta yaya mutum zai saki birki yana kallon mutuwa?

"Saki!"

Wannan ita ce muryar ƙofar gida, wadda ba a yi mata gardama. Yatsun suka buɗe da kansu. Injin ya kama da wani irin ihu, babur ya yi tirjiya, su biyun suka runtuma gaba. Gwiwar Baba mai lafiya ta daki cinyarsa ta dama, ta sake duka, sai ƙafar ta tuna aikinta ta taka. Tayar baya ta yi ƙara, gindin babur ya fara wutsiya. Gudun ya ragu, amma bai isa ba.

Sai ya ji hannun Baba na dama ya kama masa damtse. Bai damƙa ba. Ya fara matsawa kaɗan, ya ƙara, ya ƙara, sannu a hankali kamar mai matse lemo. Auta ya miƙa yatsu biyu kan maƙallin dama ya bi shi. Yadda hannun ya ƙara ƙarfi a damtsensa, haka ya ƙara a birki. Gaban babur ya durƙusa, tayar ta riƙe kwalta.

Suka tsaya inda Auta zai iya miƙa hannu ya shafa tankar. Injin ya mutu, babur ya karkata hagu, wajen ƙafar da ba za ta iya taimaka musu ba. Auta ya dasa tasa ƙafar, ya ji nauyin ƙarfen da na ubansa duka sun sauka a ƙugunsa, ya cije ya tayar da shi tsaye. Yaron tankar ya leƙo yana zagi. Auta bai ji ko kalma ɗaya ba, bugun zuciyar Baba kawai yake ji a bayansa.

Sauran hanyar da ƙaramar giya suka yi ta, masu keke suna wuce su.

Inna tana bakin ƙofa. Ta kwance zanin, ta ga yadda ya jiƙe sharkaf, ta dubi fuskar Auta, sannan ta juya ga mijinta.

"Malam, lafiya kuka dawo? Ya yi maka ganganci a hanya?"

Auta ya sunkuyar da kai yana wasa da makulli. Kalma ɗaya ta rage, kuma tana cikin biyun da tsohon ya iya. In ya faɗe ta ba ƙarya ya yi ba. Baba ya daɗe yana kallon baƙin babur ɗin.

"A'a," ya ce.

Inna ba ta gamsu ba, amma ta ɗauki zaninta ta shige.

Da ranar komawa ta zagayo, Auta ya fito da safe yana jan ƙafa, ya shirya abin da zai ce in aka gaya masa an fasa. Ya tarar da Baba a kujerarsa a tsakar gida, an riga an yi masa wanka, hular kwano a kansa a karkace don da hannu ɗaya ya sa ta. Zanin yana ninke a kan cinyarsa. Da Auta ya durƙusa gaida shi, tsohon ya kama hannunsa na hagu, ya juya shi, ya duba siraran yatsun nan ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ɗauki zanin ya ɗora masa a tafin.